Kwandalar Maddox Fork

Vergil Stamper wan mijina ne. Tun da Ubangiji ya ɗauki nawa mijin, shi ke zuwa ɗaukata coci kowace Lahadi a tsohuwar motarsa, mu dawo in zuba masa wake da burodin masara. Bai taɓa aure ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ramin kwal, ya fito da tarin da ba ya jin magani da kuma son abu guda: kwandalolin da kamfanonin kwal ke bugawa a da su biya ma'aikata, waɗanda ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin. Yana da su cike da gwangwanaye, amma guda ɗaya ce ransa.

Ta tagulla ce, ƙarama, an huda tauraro a tsakiyarta, an rubuta Maddox Fork a kewaye. A can aka haife su, shi da mijina da yayarsu Nola. Garin babu shi yanzu. An sare kan dutsen an cike kwarin da ƙasa, har kaburbura an kwashe. Ba ya cikin taswira. Abin da ya saura da sunansa a duniya, in ji Vergil, kwandalar nan ce da babansu ya fito da ita a aljihu.

Masu tara irin waɗannan suna da ƙungiya, suna da littafi mai sunan kowane garin kwal da ya taɓa buga tasa. Mai haɗa sabon bugun wani Cletus Mabry ne, abokin Vergil tun suna samari, mai ƙaton ciki da yawan zolaya.

"Kai tsohon ɓera, na yarda da kai," in ji shi a barandata, ranar da Vergil ya nemi a sa garinsu a littafin. "Amma dokar bana, sai abin da kamfanin tantancewa ya sa wa hatimi. Aika musu, su kulle ta a roba, in sa maka garinku da manyan baƙaƙe."

"Yaran da ba su taɓa ganin kwal ba su za su gaya mini kwandalar ubana ta gaske ce?"

"Su ke da hatimi, kai tari kake da shi."

Ya aika. Bayan wata biyu ta dawo a cikin kwanson roba mai garai-garai, an liƙe shi ta ko'ina, da 'yar takarda a sama mai cewa ta gaske ce, har da makin da suka ba ta. Ranar Vergil ya sa rigarsa ta zuwa coci alhali Talata ce. Ya yi ta juya robar a hasken taga yana cewa, "Dessie, kin gani? Sun yarda an yi mu."

A damina ciwon Nola ya tsananta. Ta makance da daɗewa, tana gidan kula da tsofaffi. Muka je, ya sa mata robar a hannu. Ta shafa, ta shafa, ta ture.

"Wannan ai murfin wani abu ne. Ina kwandalar Baba?"

"Tana ciki, Yaya."

"To ni ina ruwana da ciki? Ba ni in taɓa."

Duk mai wannan harka ya san in ka fasa robar, hatimin ya mutu. Ni ma na sani, don na sha ji a bakinsa. Na dube shi, ya dube ni. Ya fita wajen mota ya dawo da filaya. Ƙarar fasawar ba ta fi ta karya busasshen kara ba.

Nola ta riƙe ta, ta bi gefen da babban yatsa har ta tsaya a wani ɗan gurbi. "Ga shi nan," ta ce. "Da nan Baba yake ɗaure kusar fitilar hularsa ta aikin rami." Ta yi dariya, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Kwana huɗu bayan nan aka binne ta.

A hanya na ce, "Yaya Vergil, littafin fa?"

"Kwandala ɗaya ce, kamfani ɗaya ne. Abin da suka gani jiya shi za su gani gobe."

Ya sake aikawa. Ta dawo ba maki, da rubutu cewa an goge ta. Vergil da ko numfashi ba ya yarda a yi a kanta! Ya ce ƙila wani ne daban ya duba, mai gajiya. Ya aika karo na uku. Wannan karon ko roba ba su sa ta ba, a 'yar leda ta dawo, da layi guda: ba su da tabbacin ta gaske ce, don ba ta cikin kowane littafi.

Ya kira su a wayar ɗakin girkina. Ina jin muryar yarinyar da ta ɗauka tana fitowa, mai ladabi ƙwarai.

"'Yata, ku ne fa kuka ce ta gaske ce. Ga takardarku a hannuna."

"Baba, takardar ta abin da ke cikin robar ce. Tunda an fasa, ba mu san ko ita ce kuka dawo da ita ba."

"Wa ya duba ta farkon? Ba ni shi."

"Ba a faɗin sunan masu dubawa, Baba."

Ya ajiye wayar a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Cletus ya zo da kansa, ba zolaya. Ya cire hula ya zauna a matakala. Vergil ya ce, "Sun ce ba sa sa hatimi sai tana littafi. Kai ka ce ba ka sa ta a littafi sai da hatimi. Kai ka gan ta a robar da idonka, Cletus."

"Na gani, ɗan'uwa. In na karya maka, gobe mutum goma za su kawo na bogi da labarin kakanninsu. Me ya kai ka fasawa, don Allah?"

Vergil ya mayar da kwandalar aljihunsa. Ni kuma na shiga na ɗora ruwan kofi.

Littafin ya fito kafin Kirsimeti. Cletus ya aiko masa da guda kyauta. Na ga Vergil ya buɗe wajen harafin M, ya ɗora yatsa tsakanin sunaye biyu inda garinsu ya kamata ya zauna, ya daɗe a haka.

Ban damu da fushinsa ba, fushi yana wucewa. Abin da ya biyo baya ne ya fi mini ciwo. Sai in same shi da gilashin ƙara girma yana duban kwandalar da ya sani tun yana ɗan shekara shida. Wata Lahadi, a mota, ya ce, "Dessie, anya ba a kasuwar gwanjo Baba ya saye ta ba? Ina ƙarami lokacin. Ƙila ma sunan garin ba haka ake rubuta shi ba."

"Nola ta gane gurbin," na ce.

"Nola makauniya ce, kuma ta mutu."

Na yi masa addu'a, na karanta masa Zabura, amma ban ga ta shige shi ba. Allah ya gafarta mini in na faɗi ba daidai ba. Da bazara huhun ya gama da shi. Gwangwanayen, ƙungiyar ta kwashe su, wannan ɗaya ba wanda ya tambaya.

Tana cikin kwalbar maɓallaina, ita da 'yar takardar farko da ta fara ƙoƙewa. Ni ba a Maddox Fork aka haife ni ba, ban taɓa taka shi ba. Ina da shekara saba'in da tara, ba ni da ɗa. Wanda zai kwashe kayan gidan nan zai zazzage kwalbar ya ga wani maɓalli mai tauraro da ba ya shiga kowace riga.