Belun da Aka Cire Sau Biyu

'Yar ƙanena ba ta cika wata guda a duniya ba majina ta tsinke mata. Ba irin ta mura ba ce, ruwa-ruwa take zuba, wani lokaci har da jirwayen jini. In ta kama nono sai ta saki, don ba ta da ta inda za ta yi numfashi. Kukanta ma a dishe yake fita.

Gidanmu na Zaitawa kuwa ba ya rasa likitoci. Hajiya, mahaifiyarmu, ta leƙa bakin jaririyar ta yanke hukunci: belu ne. Na ce ai wanzami ya cire tun kafin suna. Ta ce, "To ya bar saura. Ke 'ya'ya nawa kika haifa da za ki koya mini?" Ni kuwa ban taɓa haihuwa ba.

Aka sake kiran wanzami. Uban yarinyar da kansa ya riƙe ta a cinya, aka danne harshe, aka zura ƙarfe aka yanko abin da ya samu. Da hakan bai yi magani ba, laifi ya koma kan mai jego. Wai ta sha ruwan sanyi, wai ta yi ha'inci a wankan jego. Baiwar Allah kullum tana zaune tana goge hancin 'yarta da gefen zani.

A wata na biyar, ina yi wa yarinyar wanka, na lura karan hancinta ya fara lotsawa. Ban nemi izinin kowa ba. Na goya ta, na ce wa uwar ta ɗauko mayafi mu tafi asibiti.

Aka ɗebi jininsu su biyu. Likita ta ce tunjere ne, cutar da ake ɗauka ta hanyar jima'i, tun a ciki yarinyar ta ɗauka, kuma da an gano lokacin awo, allura kawai za a yi wa uwar a tsare ta. Uwar ta sunkuyar da kai ta ce sau ɗaya ta je awo, aka rubuta mata gwajin jini, maigida ya ce ba sai ta koma ba. Aka kwantar da su ana allura, majina ta tsaya. Amma abin da ciwon ya riga ya ci na hanci ba zai dawo ba. Aka ce lallai uban ma ya zo.

A soro na tare shi. Ya ce, "Yaya, don Allah ki rufa mini asiri. Wani ɗan ƙurji ne ya fito mini bara, na sayi kafso a kemis ya baje, na ɗauka shi ke nan."

Na ce, "In ka ɗauka shi ke nan, me ya sa ka hana ta gwajin?"

Sai ya raɓa ni ya shige cikin gida.

Cuta dai ba ta ƙi kowa ba, ba ita ce ke ƙona mini rai ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum yana da zargi a ransa, amma ya danne 'yarsa aka yanka mata maƙogwaro, ya kuma zuba ido ana zagin matarsa. Ni ma ba na wanke kaina, don na rufa asirin. Har gobe Hajiya cewa take yi uwar ce ta danne hancin garin goyo.

Yanzu yarinyar ta shiga Islamiyya, kuma yara ba su san kara ba. Kwanan baya ta dawo ta same mu a tsakar gida, ubanta yana cin abinci. Ta raɓo jikina ta ce, da muryar nan tata mai fita ta hanci, "Gwaggo, in na girma hancina zai tashi irin na kowa?"

Na ce, "Je ki tambayi babanki."

Ta kuwa je ta tsaya a gabansa, tana jira.