Zanen da ke jikin motar Alhaji Sani

Ranar Asabar ce, a tsakiyar watan Nuwamba na shekarar 1984, da misalin ƙarfe goma na safe, a garejin Bulus mai fenti da ke bayan tashar mota a Funtuwa. Mu huɗu ne a wurin: Alhaji Sani, ɗan kasuwar auduga kuma mai motar, mahaifina Malam Idi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa shi, Bulus da kansa, sai ni, 'yar shekara tara, riƙe da kwanon koko da ƙosai da Inna ta ce in bi Baba da shi, domin ya fita bai karya ba. An turo motar tsakiyar fili inda rana ke dukan ta sosai. Shuɗiya ce mai duhu, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, wata biyar da saye. A inuwa ba ta da aibu. A rana kuwa, murfin injin da ƙofofin dama guda biyu sun cika da siririn zane, zagaye a kan zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Kowa zanen yake kallo ban da ni. Ni yatsun ƙafata nake kallo, domin ni kaɗai na san hannun da ya yi shi.

Gidanmu yana ƙarshen gari ne ta hanyar Bakori, daga dangarmu ta baya sai gonakin dawa. Aikina a gidan shi ne wanke-wanke, tun ina shekara shida. Idan na dawo daga makaranta na cire kayan makaranta, sai in kwashi toka a murhu, in haɗa da lallausan yashin da muke ɗebowa daga rafi, in zauna bakin rariya da soso. Inna takan tsaya a kaina ta ce, "Tukunya ba ta wanku ba sai kin ga fuskarki a gindinta." Ita ta koya mini juya hannu, ba gaba da baya ba, a'a, zagaye-zagaye, ana dannawa. Na iya har ya zama abin alfaharina. Sa'o'ina suna can suna carafke ko gaɗa a dandali, ni ina jera tukwane a rana ina jiran wani ya wuce ya yaba. Idan ana suna a maƙwabta, ni ake aikowa a kira ranar wanke manyan tukwane.

A farkon watan ne Alhaji ya yi tafiyar kwana goma zuwa Ikko, ya bar motar a hannun Baba da sharaɗin kada ta motsa. Baba ya buɗe dangar baya, ya shigo da ita gindin dalbejiya kusa da rumbu, kullum da safe yana goge ta da wani tsumma mai laushi da ba ya barin kowa ya taɓa. Sai yankan dawa ya kama a gonarmu ta Tsiga, ya hau keke ya tafi kwana uku. Balbelu kuwa a kan dalbejiyar suke kwana. Kafin kwana biyu sun yi wa gefen motar fari-fari da kashi, rana ta busar da shi ya kama kamar siminti. Ranar da Inna ta tafi barka Malumfashi, na ɗebo ruwa na zuba, bai fita ba. Na sa sabulu, bai fita ba. Sai na koma murhu. Na yi mata irin wankin da ban taɓa yi wa wata tukunya ba, har na ga fuskata a jikin ƙofa tana jiƙe, na koma na zauna ina jiran yabo.

Yabon bai zo ba. Baba ya dawo da magariba a gajiye, bai duba motar ba. Da asuba ya fita da ita tarbo Alhaji, sai da rana ta take, a ƙofar gidan Alhajin, a gaban 'yan zaman fadarsa, zanen ya fito fili. A nan aka yanke hukunci kafin Baba ya buɗe baki. Suka ce kabu-kabu ya yi da motar, ya kwashi fasinja da buhuna zuwa kasuwar Bakori ta hanyoyin daji, ƙaya ta yi ta dukan ta. Baba ya ce a duba mita, ba ta ƙara ko mil guda ba, ban da kai ta gida da zuwa tarbo Alhaji. Wani ya ce ai ba direban da bai san yadda ake zare wayar mita ba. Alhaji bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙa, Baba ya sa masa makulli a ciki, ya dawo gida a ƙasa.

Kwana uku gidanmu ya zama wurin zargi. Baba ya zauna a zaure yana lissafa waɗanda ka iya yi masa haka, lissafin kuma kullum a kan mutum guda yake tsayawa, maƙwabcinmu Malam Sule, wanda ya daɗe yana nema wa ƙanensa aikin tuƙi a gidan Alhaji. Baba ya daina amsa sallamarsa. Inna ta zargi yaran unguwa, ta hana su ɗiban ruwa a rijiyarmu. Ni na daina cin abinci, Inna ta taɓa goshina ta jiƙa mini sabara. Sau biyu na je bakin zaure zan faɗa, sau biyu na ga fuskar Baba na juyo. Na ji shi yana gaya wa Inna cewa ba aikin ne ya dame shi ba, a ce shekara goma sha ɗaya ba ta isa a yarda da maganarsa ba.

Bulus mutumin Malumfashi ne, ɗan gidan Kiristoci, ya koyo fenti a Kaduna ya dawo da wani inji mai kan faifai, an lulluɓe faifan da fatar tunkiya mai gashi, ana sa shi a wutar lantarki. Shi ma injin ba a yarda da shi ba. Direbobin tasha sun ce lashe fenti yake yi, motar ta yi ƙyalli wata ɗaya, damina na zuwa ta koma kamar tsohon kwano. Alhaji ya zo ne don an ce masa in ba haka ba sai a sake fentin duka, motar kuma ta tashi daga sabuwa. Ya yi ta tambayar ko wa da wa aka taɓa yi wa, motocin kuma suna ina yanzu. Baba kuwa ya biyo shi ne don ya ji abin da za a ce game da zanen.

Bulus bai yi gaggawar kunna injin ba. Ya durƙusa, ya bi zanen da farcen babban yatsa, yana cewa wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfi, wanda ya wuce sumul zai fita. Sannan ya miƙe ya ce, "Alhaji, wannan ba ƙaya ba ce. Ƙaya a miƙe take tafiya, daga gaba zuwa baya, kuma ba ta hawa kan murfin inji." Na ga kafaɗun Baba sun sauko. Amma Bulus ya sa tsinke a tsakanin roba da gilashin ƙofa, ya fito da wani abu fari-fari, ya murza a yatsu ya ce toka ce da yashi.

Wannan kalmar ta fi kabu-kabu muni. Alhaji ya ja da baya daga motarsa, ya yi addu'a a hankali, ya ce mutum ba ya shafa wa motar wani toka sai da nufi, kuma kowa ya san a gidan wa ta kwana. Baba ya ce shi ma ya san wanda ya aikata, yana gab da kiran sunan Malam Sule a gaban mutane. Bulus ya sake durƙusawa gefen motar. Ya auna da tafin hannu daga ƙasa zuwa inda zanen ya tsaya, ya nuna cewa rufin motar lafiya lau, tsakiyar murfin injin ma lafiya lau, hannun da ya yi aikin bai kai can ba. Daga nan ya dube ni. Ba fuskata ya duba ba, hannuwana da ke riƙe da kwano ya duba, da faratan da toka ta cinye. Ya ce, "'Yar Malam, ajiye kwanon mana, ai ya yi miki nauyi." Sai ya juya ya ɗiga wani farin man goge fenti a kan ƙofa, ya kunna injin.

Ƙararsa kamar ta injin niƙa. Yana tafiyar da shi a hankali, gefe zuwa gefe, ba ya barin sa ya tsaya wuri guda don kada fentin ya ƙone, yana taɓa ƙarfen da bayan hannu ya ji zafinsa. Gashin tunkiyar ya fara rinewa shuɗi. Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce ga abin da ake faɗa nan, yana cinye masa mota. Bulus ya amsa da ƙarfi cewa sai ya ci kaɗan fentin zai daidaita da gindin zanen, ba wata hanya. A cikin wannan ƙarar na faɗa. Ba wanda ya ji. Na tsaya da maganar a bakina har ya kashe injin ya goge wurin da tsumma, wani fili kamar faifan rufe ƙwarya ya fito tas, har ana ganin gajimare a cikinsa. Wurin ya yi tsit, dole na sake faɗa.

"Ni ce. Balbelu ne suka ɓata ta, ruwa ya ƙi fitarwa."

Alhaji ya dube ni, ya dubi motar, sai ya fashe da dariya har yana riƙe hula. Ya ce ashe tukunya aka mayar masa da mota, Allah ya so ba a ɗora ta a murhu ba. Ya zaro makullin daga aljihu ya cilla wa Baba, ya ce, "Idi, in an gama ka same ni a shago." Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya cafe makullin, ya daɗe yana kallon sa a tafin hannunsa.

Bulus ya kai la'asar yana aiki. Komai ya fita sai layi guda a ƙasan ƙofar baya, inda wata tsakuwa ta shiga cikin sosona. Ya ce in ya bi shi zai kai ga ƙarfe, gara a bar shi. Baba bai dake ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Da yamma ya kama hannuna muka tsaya ƙofar gidan Malam Sule, ya yi sallama, ya gaya masa abin da ya zarge shi da shi, ya nemi gafara a gabana.

Yanzu irin wannan injin yana kusan kowane wurin wankin mota, ba mai tsayawa kallon sa, tukwanen gidana ma da sabulun ruwa ake wanke su. Amma har yau idan na ga mota mai duhu a rana, sai na sunkuya na duba ko akwai zagayen. Nakan tuna mutumin da ya karanta gaskiya a jikin ƙofa, ya bar mai ita ta faɗa da bakinta. Baba ya ci gaba da tuƙa Alhaji har aka rufe kasuwar auduga ta wannan shekarar. Ranar da aka rufe, ya wanke motar da tsummansa, ya kai makulli da kansa, ya koma gonar Tsiga, bai sake tuƙa motar kowa ba.