Muryar da na ba da aro a bayan zana

A shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai ina matar aure a Birnin Damagaram, da goyon 'yata ta fari. Maigidana baduku ne, mutum marar hayaniya, sai dai yana da zuciya. Samarin unguwa suka shirya wasan kwaikwayo mai waƙa, labarin matar da mijinta ya bi ayari tana jiransa. Namiji ne zai ɗaura zane ya fito a matsayin matar, amma suna son muryar mace. Suka roƙi maigidana, ya yarda, da sharaɗin in yi waƙar a bayan zana, kada ido ya gan ni.

Da muka fara gwaji, sai mai kiɗa ya ce dole yaron da ke amsa mini, wani ɗan Mirriya, ya tsaya kusa da ni, in ba haka ba muryoyin ba sa haɗuwa. Na ji tsoro, na gaya wa ƙawata, wadda muka yi lallen aure tare. Ta yi dariya, ta ce in bar tsorata kamar kazar da ta ga shaho, ita za ta zauna tsakaninmu ta riƙe mini jaririya, kuma kada in ɗaga wa maigida hankali. Ban san ita ma ta nemi waƙar an hana ta ba.

Ranar wasa bayan la'asar, fili ya cika. Ina tsakiyar baiti na waiwaya, babu ita babu jaririya. Sai zanar ta faɗi, jama'a suka gan ni ni da yaron. Maigidana ya taso da wuƙar yankan fata. Yaron bai kai asibiti da rai ba. Jandarmomi suka tafi da maigidana, a kaso ya rasu.

Daga baya surukata ta faɗa mini cewa ƙawar nan ta daɗe tana zuwa rumfar maigidana, tana ce masa ya zo ya ga abin da ake yi bayan zana. Ita ta kwance igiyar da ta riƙe zanar. Da ita aka yi zaman makoki, har tana ba ni ruwa a baki.

Na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci da furfurata, don in faɗi wannan. 'Yan'uwana mata, duk wadda ta ce ki ɓoye wa mijinki abin da ba laifi ba ne, ki tashi ki faɗa masa a ranar. Ni na yi shiru, uwar wani ta rasa ɗanta, 'yata ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba.