Koci Ozell, Wanda Kambu Ya Tsallake

Kafin rana ta leƙo ta bayan gonakin auduga, za ka iske tsohuwar a-kori-kurar Ozell Tarpley a bakin filin ƙwallon sakandaren Cane Ferry. Yakan sauko yana jan ƙafar hagu, ya bi filin daga wannan kai zuwa wancan, idonsa a ƙasa. In ya ga rami ya cike. In ya ga gidan jan tururuwa ya zuba masa magani yana yi musu faɗa kamar suna ji. Daga nan ya kunna ruwan ban ciyawa, ya cika manyan bahunan jiƙa jikin 'yan wasa da ƙanƙara, sannan ya hau doguwar motar makaranta ya zagaya ƙauyuka ɗauko ɗalibai. Da la'asar kuma yana tsaye a filin nan da usur a wuya, yana koya wa samari ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu, da yadda ake kayar da mutum ba tare da an karya wuyan kowa ba. Fiye da shekara talatin haka muka san shi.

Baƙon da ya gan shi a kujerar direba ba zai taɓa zaton cewa akwai lokacin da duk Amurka ta san sunan mutumin nan ba. Mu kuwa mun sani, kuma ba mu yafe ba.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a, Ozell ne ke tsaye a tsakiyar masu tsaron gida. Ƙaramar jami'a ce a nan Misisipi, wadda manyan makarantu ke gayyata don su lallasa ta a gaban iyayen ɗalibansu. A shekarar nan lissafi ya ɓaci. Ozell kan tsaya ya dubi ƙafafun abokan karawa, ya san inda ƙwallo za ta bi tun ba a jefa ta ba. Mai gudu da ƙwallo zai hango hanya a buɗe, ya zuba da ƙarfinsa, sai kawai ya ji shi a ƙasa yana kallon sama. Bangon Misisipi, haka jaridu suka raɗa masa. Da watan Disamba ya zo, aka kira shi New York cikin 'yan wasan da za a zaɓi gwarzon jami'o'in ƙasa daga cikinsu.

Ranar, garin nan ya hallara a zauren cocinmu. An ɗauko talabijin daga shagon aski na Lucius Fondren aka ɗora a kan tebur. Mata sun soya kaji, an dafa shinkafa da wake, an zaunar da mahaifiyarsa Mama Earline a kujerar gaba da hularta ta zuwa coci. Muka ga Ozell cikin kwat ɗin da ta matse shi a kafaɗa. Aka buɗe ambulan, aka kira sunan wani mai jifan ƙwallo daga wata babbar jami'a. Ozell ya miƙe ya rungume yaron, yana murmushi. 

A zauren cocin kuwa, Mama Earline ce ta fara magana. Ta ce, "To, a zuba abinci. Kajin nan ba su yi wa kowa laifi ba."

Har gobe Lucius mai aski ba ya son a tayar da zancen in yana riƙe da reza. "Masu ƙuri'ar nan ƙwallo kawai suke bi da ido," in ji shi. "Wanda ya jefa su gani, wanda ya cafke su gani. Wanda ya hana a jefa fa? Ai sun ɗauka iska ce ta kayar da mutane."

Bayan 'yan makonni, a wasansa na ƙarshe na jami'a, jijiyar gwiwar Ozell ta tsinke. Ƙungiyoyin ƙwararru da ke layi a ƙofarsa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo gida a kan sanduna.

Ba zan ce ya karɓi abin da fara'a ba, don matarsa Vernetta za ta ƙaryata ni. Ta ce shekarun farko zama da shi sai mai haƙuri. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya son a ambace ta, in Disamba ta kama sai ya ɗauki ƙugiya ya tafi bakin kogi ya wuni. Wata rana ta gaji. Ta ce masa, "Ozell, ni fa mutum na aura, ba kofin da ba a ba shi ba. Ga yara can a filin makaranta suna kai wa juna karo da ka kamar raguna, babu mai nuna musu. Ko ka je can ka yi fushinka, ko ka nemi wata ta saurare ka."

Ya tafi da niyyar ya kalla kawai daga bayan waya. Bai jima ba aka ji muryarsa: "Kai, ɗaga kanka. Wa ya koya maka haka?" Tun daga ranar bai bar filin ba. Bai taɓa zama babban koci ba. Manyan sun zo sun wuce, wasu zuwa jami'o'i, shi yana nan da masu tsaron gidansa da ciyawarsa.

Abin da mutanen Cane Ferry suka fi tunawa shi ne wata Juma'a a watan Oktoba. Muna da ɗan wasa a lokacin, Tavaris Boykin, wanda tun bayan Ozell ba a ga irinsa ba. A yammacin nan masu farautar 'yan wasa daga manyan jami'o'i sun zo musamman dominsa, suna zaune a sama. Gab da hutun rabin lokaci Tavaris ya yi karo da wani, ya faɗi, ya miƙe, ya nufi bencin abokan karawa kafin ya gane ya juyo. Mutane suka yi dariya. Ozell bai yi ba. Ya jawo shi gefe, ya dubi ƙwayar idonsa, ya tambaye shi sunan ƙanwarsa. Tavaris ya ɗan yi jim kafin ya faɗa.

Ozell ya cire masa hular kwano, ya ajiye a ƙasa, ya zauna a kai. Ba a shiga fili babu hular.

Babban kocin lokacin ya matso ya ce, "Ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Na ji shi," in ji Ozell.

Tavaris ya durƙusa yana roƙo. "Koci, don Allah. Saboda ni suka zo."

"Na sani, ɗana. Ba za ka shiga ba."

Sai ga mahaifinsa, Roosevelt Boykin, ya tsallako waya. Mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar kifi, duk burinsa na kan yaron nan. Ya tsaya a kan Ozell yana huci. "Tashi daga kan hular ɗana. Don an hana ka naka shi ne za ka hana shi nasa? Baƙin ciki kake yi, Ozell, kowa ya sani."

Waɗanda ke kusa sun ce fuskar Ozell ta canja. Maganar ta same shi inda ke ciwo. Amma bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Roosevelt, ka zage ni yadda kake so. In kana son hular nan, sai ka ɗaga ni."

Babu wanda ya gwada. Muka sha kashi a wasan, baƙin suka tafi, wasu 'yan kallo suka yi wa Ozell ihu. Bai kula ba, ya sa Vernetta ta kai Tavaris da mahaifiyarsa asibiti. Hoton da aka ɗauka ya nuna jini na tsattsafowa a cikin kansa. Likita ya ce da ya ƙara karo ɗaya, da wani zancen ake yi.

Tavaris bai sake buga ƙwallo ba. Yau yana da shagon walda da 'ya'ya mata uku. Roosevelt kuwa bai iya ba da haƙuri da baki ba. Ranar Lahadi ya bar kujerarsa ta kullum a coci ya zo ya zauna kusa da Ozell, kuma can yake zama har yanzu.

Koci Ozell, kai ne ka yarda gari ya tsane ka na yamma ɗaya don uwa ta koma gida da ɗanta. Kai ne ka san ɗacin a kira sunan wani alhali kana zaune ka shirya miƙewa, amma ba ka taɓa ɗura wa yaro ɗacin nan ba. In ɗan wasanka bai samu gurbi a jami'a ba, kai ne ke zuwa gidansu, ka zauna da shi a baranda, ba wa'azi, har sai ya ci abinci. Waɗanda ka yi wa haka suna da yawa a garin nan, kuma sun girma sun zama mutane.

A bazarar bana muka kusa rasa shi. Mai shara ce ta hango shi kwance a tsakiyar fili, ruwan ban ciyawa na zuba a kansa. Shanyewar ɓarin jiki. Aka wuce da shi babban asibiti a Jackson, ya kwashe kwanaki bai san inda yake ba. A nan ne kunya ta kama mu. Shekara da shekaru muna zagin baƙin da suka tsallake sunansa a New York, mu da muke tare da shi kullum ko walimar shayi ba mu taɓa yi masa ba. A shagon Lucius aka daina musu. Kowa ya shigo tambayarsa ɗaya, ko an ji daga Vernetta.

Wata safiya ta kira Fasto, muryarta na rawa, har ya ɗauka abin da ake tsoro ne ya faru. Ashe dariya take yi da kuka a haɗe. Ozell ya buɗe ido, ya dube ta, ya motsa baki da ƙyar. Ta kai kunnenta tana jiran ya kira sunanta. Sai ya ce, "Wa ya kashe ruwan?"

"Shekara talatin da takwas da aure," in ji ta, "ciyawa ya fara tambaya."

Fasto ya sa aka kaɗa ƙararrawar coci a ranar Laraba. Muka sauke numfashin da muka daɗe muna riƙewa.

Juma'ar da ta wuce, a hutun rabin lokaci, aka yi bikin ajiye aikinsa. An kawo keken guragu ya ƙi hawa. Ya tako da sanda, a hankali, Vernetta na riƙe da gwiwar hannunsa, tsofaffin 'yan wasansa sun cika filin, wasu da furfura, wasu da jarirai a kafaɗa. Aka miƙa masa lasifika. Harshensa bai gama sakewa ba, don haka kowa ya kasa kunne.

Ya ce, "Vernetta ta ce in taƙaita. Na gode. Na gode ƙwarai." Ya ɗan tsaya ya dubi taron. "Yanzu ku sauka daga kan ciyawar nan, akwai sauran wasa."

Mun gode, Koci Ozell. Mun gode wa Allah da ya bar mana kai har ka ji wannan da kunnenka. Ku kuma masu horar da 'ya'yan mutane, a fili ko a aji, ku dubi yadda ya yi, ku sa rayuwar yaro gaba da sakamakon wasa ko da za a yi muku ihu. Sauranmu kada mu sake jira sai mutum ya faɗi. Yana nan a barandarsa kowace safiya, yana motsa hannun da likita ya ce ya riƙa motsawa. Ku biya ku gaishe shi. Vernetta ta ce ƙofa a buɗe take, amma duk wanda ya shigo masa a ɓoye da soyayyen kifin da likita ya hana shi, da ita zai yi.