Hantar da Ta Cinye Hannun Yaya Sale

Duk wanda ya san mayankar da ke bayan kasuwarmu a Jikwoyi ya san yayana Sale. In bai san sunansa ba, to ya san hannunsa. Ni Zaituna ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na fara ɗanɗana wannan hannu tun muna yara a Zariya, don haka ba mai ba ni labarinsa.

Fawa muka gada. Yaya ya zo Abuja yana saurayi, da wuƙa ɗaya da baƙar zuciya, ya zama mai kayar da shanu. Bijimin da ya gagari ƙarti huɗu da igiya, shi Yaya sai ya cafki ƙaho da dama, ya cusa yatsun hagu a hanci, ya murɗe wuya har dabbar ta zube, ƙasa ta amsa. Kafin ta gama shure-shure ya yanka, jini ya wanke masa ƙafafu. Haka yake yi wa mutane ma. Ya taɓa karya wa wani dillali muƙamuƙi don ya taka masa fata, ya taɓa ɗaga direban tifa ya maka shi cikin kwatar tumbi. Ba ya barin ko-ta-kwana. Ina son yayana, amma wallahi mutum ne mai wuyar so.

A al'adar mayankarsu, wanda ya kayar da sa shi ke fara yankar hanta. Nan take ake gasa masa, da ƙoda da zuciya, a barbaɗe da gishiri da yaji, ya ci a tsaye. Da rana kuma farfesun kayan ciki. Haka ya yi shekara ashirin da ɗoriya. Can sai babban yatsan ƙafarsa ya fara kumbura, ya yi jawur, ko zani ya taɓa shi sai Yaya ya yi ƙara. Ya ce sanyi ne. In abin ya ishe shi sai ya sa reza ya tsattsaga wurin da kansa, ya murza toka, ya ɗaure da tsumma ya koma bakin aiki. Asibiti kuwa, cewa yake na ragwaye ne.

Matarsa Asibi 'yar Gbagyi ce daga Paikon Kore, gajera, mai ɗaukar kaya a kafaɗa irin na mutanensu. A Hausarta mace da namiji duk ɗaya ne, mukan yi mata dariya, ita ko a jikinta. Ita kaɗai ce na taɓa gani ta kalli Yaya cikin ido yana huci ba ta matsa ba.

Ranar da abin ya faru, wani jan bijimin Bororo aka kawo, mai ƙaho kamar reshen bishiya. Yaya ya shiga, ya cafki ƙahon yadda ya saba. Waɗanda ke wurin sun ce sai suka ga hannun ya sulale da kansa, bakinsa ya karkace gefe guda. Bijimin ya ɗauke shi ya buga da katanga, ya bi ta kansa da kofato, haƙarƙari biyu suka karye. Sai da aka sassare wa dabbar agara aka iya janye shi, jini na fita ta hanci, yana son ya yi zagi harshe ya ƙi.

A asibiti, Dokta Mabel ta zaunar da ni da Asibi. Ta ce ba bijimin ne ya shanye masa ɓarin dama ba, hawan jini ne ya riga bijimin, jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa.

"Sannan akwai wani abu a jininsa, yurik asid," in ji ta. "Jiki yana yin sa, amma kayan ciki suna ƙara shi. Shi ke kumbura masa yatsa, kuma nasa ya yi yawa sosai. Mukan ga masu irin wannan suna shan wuyar tashi bayan shanyewar jiki, ko da yake masana ba su gama daidaitawa a kan dalili ba. Watannin farkon nan su ne na dawo da hannu. Ya sha magani, ya motsa jiki kullum. Madam, ba hanta, ba ƙoda, a rage gishiri. Kin ji ko?"

Asibi ta ce ta ji. Kuma da farko abin ya yi kyau. Yaya yana dafa bango ya tsaya da ƙafar hagu, yana jan ta dama, har yatsun hannun suka fara motsi. Ba abin da yake so a duniya sai hannun nan ya sake riƙe wuƙa.

To mahauta suna da wata al'ada, kuma ita ce ta kashe mu. In ɗan'uwa ya kwanta ciwo, duk san da aka yanka sai an cire kason majinyaci a kai masa gida, kuma ba a ba majinyaci tsoka, sai mafi daraja: hanta, ƙoda, zuciya. Mayar da kason nan zagi ne ga mayanka gaba ɗaya. Musaddiq, amininsa kuma shugabansu, shi ya kawo da kansa. Asibi ta tare ƙofa.

"Oga Musaddiq, ka koma da shi. Dokta ya ce kar ta ci. In ta ci, hannunta ba za ta dawo ba."

"Haba matarmu," in ji shi yana dariya. "Nama ai shi ke mayar da nama. Kin taɓa ganin an tayar da mahauci da alayyafo?"

Yaya yana jin su daga ɗaki. Dutsen wasa wuƙa ne kusa da shi, ya ɗauka da hagu ya jefo ta taga. A baki ya sami Asibi. Haƙora biyu suka zubo ƙasa, jini ya ɓata mata gaban riga. Ni kuwa ban san lokacin da na zari muciya daga tukunya ba, na sauke ta a gadon bayan Musaddiq, na sake saukewa, har muciyar ta rabe biyu. Ba na da-na-sani, da ma taɓarya ce. Asibi ta tsince haƙoranta, ta kurkure baki, ta koma ta zauna a bakin ƙofar.

Sai suka canza dabara. Ba su ƙara kawo ɗanye ba. Gasasshe suke zuwa da shi cikin aljihun riga, su biyar su shida, da sunan dubiya. Mace kuwa ba ta zama cikin abokan miji, dole ta ba su wuri. Muna tsakar gida muna jin ƙamshin yaji da dariyarsu, suna yi masa kirari, suna cewa saura kaɗan ya koma fage. Ba mugunta ba ce, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Ƙauna ce tsagwaronta, irin ta mutanen da ba su san wata hanyar nuna ta ba sai da wuƙa da nama.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ciwon kumburin nan ya tashi, kuma bai tashi a shanyayyar ƙafar ba, sai a ta hagu, mai lafiyar, wadda yake tsayawa da ita. Yatsa, idon sawu, gwiwa, duk suka kumbura suka yi zafi kamar garwashi. Yaya da ke kayar da bijimi ya koma yana cizon matashi yana ihu in ƙuda ya sauka masa. Tsayuwa ta gagara, ya daina yarda a taɓa shi, mai motsa masa jiki ya zo ya sha naushin hagu bai sake dawowa ba. In ciwon ya lafa su kawo hanta, ya sake tashi. Watannin da Dokta Mabel ta faɗa suka wuce yana kwance. Da muka koma asibiti, ta daɗe tana lanƙwasa yatsun, ba ta yi mana faɗa ba, ta dai ce a ci gaba da magani don gudun shanyewar jiki karo na biyu.

Da Babbar Sallah ta zo, Yaya ya rantse shi zai yanka ragonsa. Tun da ya yi wayo ba wanda ya taɓa yi masa yanka. Ya sa aka zaunar da shi a tabarma, aka cusa masa wuƙa a hannun dama aka ɗaure da tsumma. Mahauta suka zagaye shi, suka danne ragon. Ya yi bisimilla da nauyin harshe, ya ja.

Wuƙar ta shiga rabi ta tsaya. Ragon ya fizge, ya tashi da wuya a buɗe, ya zaga tsakar gida yana feshin jini a bango, a shanya, a kan fararen kayan Sallar yara. Ya ture tukunya, ya bangaje Yaya ya faɗi rigingine. Musaddiq ne ya bi shi ya danne ya ƙarasa. Ban taɓa jin tausayin yayana ba sai ranar, kuma tausayin ya fi marinsa zafi.

Da aka gasa hantar layya, Musaddiq ya ɗauko ta a faranti ya durƙusa gabansa, don maigida ke fara ci. Yaya ya dubi farantin, ya ɗaga kai ya dubi giɓin da ke bakin Asibi. Ya sa hagu ya ture farantin a hankali.

"Ɗauke," ya ce. "Asibi, zo ki kwance ni."

Ta durƙusa ta warware tsumman, ta zare wuƙar. Ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya ta miƙar da su a tafinta, tana saki suka koma suka dunƙule. Ta sake buɗewa, suka sake komawa. Yaya bai ƙara cin hanta ba tun daga ranar, kuma har yau haka yatsun suke.