Mota Ɗaya da Sale Zuwa Minna

Suleja

Bayan sallar asuba na hau keke daga Kwamba zuwa tasha. Mu huɗu asibitinmu ya tura horo a Minna: Likita, Sista Rifkatu, Baba mai gadi, da ni mai ba da kati. An ce tare ake son mu, domin duk mu huɗun marar lafiya ke bi ta hannunmu. Horon kan kula da 'yan daudu ne da masu kama da su. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Muna jiran mota ta cika sai ga Sale, ɗan daudu mai sayar da tuwo a Madalla. Yana da hawan jini, kuma ya daɗe bai zo karɓar magani ba.

"A'a, Malam mai kati! Yau ni da ku ne?"

Na amsa ciki-ciki.

Lambata

Nan direba ya tsaya shan mai, muka sayi doya da ƙwai. Ya ce, "Yallaɓai, taron me za ku?" Na ce na tsafta ne. Sista ta dube ni kawai.

Ita ce ta tambayi Sale ina ya nufa.

"Magani, Anti. Can ba wanda ya san ni. A wajenku in na zauna bencin maza a yi ta tari, in na matsa na mata a tashe ni. Jinin ma a layi yake hawa."

Mota ta kwashe da dariya. Ina jin ni ma na murmusa. A Chanchaga Sale ya sauka.

Minna

Masauki ba laifi, sai sauro. Washegari mai horarwa ta sa kowace tawaga ta jera kujeru yadda zauren jiransu yake, ta shigo a matsayin marar lafiya, ta tsaya tsakanin bencin maza da na mata. Ta tambaye mu inda za ta zauna. Likita ya ce ni ke raba layi, ni zan amsa. Na ce, wataƙila, a ajiye kujeru gefen teburina, kowa ma ya iya zama. Aka yarda.

Madalla

Da muka dawo ban sauka a Suleja ba, na zarce rumfar Sale. Akwai direbobi suna cin abinci, don haka na jira suka ragu, abin da har yanzu yake damuna. Sannan na gaya masa batun kujerun.

"Baba mai gadi fa?"

"Da shi aka yi."

"In aka yi tarin fa, Malam? Kai za ka ɗaga kai daga katin?"

Na ce zan yi ƙoƙari. Ya zuba mini miyar kuka, ya ce ƙoƙari dai.

Na iso Kwamba da magariba, na gode Allah da ya dawo da mu lafiya. Kujerun suna nan gefen teburina. Mutane na zama a kai, amma Sale bai zo ba tukuna.