Wilin Likita da Bencin Kunne

Duk wanda ya taɓa tura babur cikin layin masu gyara ya san Kunne. In bai gan shi ba, to ya ji shi. Ba surutunsa nake nufi ba, ko da yake nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Ƙarar aikinsa ake ji: ƙil, ƙil, ƙil, ɗan sifana yana bin sifok ɗaya bayan ɗaya, wayoyin nan sirara da ke riƙe da wili a jikin cibiyarsa. Shi ba da ido yake ɗaura wili ba. Zai juya shi a kan ƙarfen gwaji, ya karkata kai kamar mai satar jin hirar maƙwabta, ya ƙwanƙwasa. Wanda ya yi gurnani ya ƙara masa ɗauri, wanda ya yi tsiwa ya sassauta masa, har sai duk sun yi murya ɗaya. Dokar ke nan da ya gada wurin mahaifinsu, kuma bai taɓa ganin ta ba shi kunya ba.

Shagon ma gado ne, shi da ƙanensa Auta. A zamanin tsohonsu, bencin ɗaurin sifok shi ne a bakin ƙofa, masu keke da masu ƙananan babura suna layi. Sai wilin zubi ya shigo, wanda ake zuba shi a masana'anta kamar tukunya, ba sifok, ba ɗauri, ba murya. Auta, da yake hancinsa ya fi kunnen yayansa jin inda kasuwa take, ya cika shago da su. Bencin Kunne ya fara tafiya da baya. Daga bakin ƙofa ya koma tsakiya, daga tsakiya ya koma jikin bango, daga nan ya dangana da lungun da ake tara tsofaffin tayoyi, inda ko ɓera sai ya yi sallama kafin ya samu wurin wucewa.

"In ka buga wilin zubi me yake cewa?" Kunne yakan tambayi duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da shi. "Dum. Kamar kan Auta."

Auta ba ya ramawa. Mutum ne mai tumbi da haƙuri, gemunsa ma ya fara fari, amma har yau Auta ne. Sai dai ya riga ya faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa injin cire taya yana nan tafe, kuma ba inda zai zauna sai wannan lungun.

"Yaya, ba korar ka nake ba. Bencin nan ne ba ya kawo kowa."

"Ni ma ban ce kora ba ce. Raka ni ƙofa kake, da ladabi."

A gida ma ba a raga masa. Maiɗakinsa takan ce ta auri mutumin da ke jin kukan waya daga ƙarshen layi, amma in ta ce gas ya ƙare sai kunnen ya toshe.

Ana cikin haka Likita ya zo. Likitan haƙori ne, dogo, da rigar sulke mai aljihu ko'ina, a kan irin baburan nan na masu yawon duniya, wanda ya fi na haya nesa ba kusa ba, amma bai kai manyan dodannin ba. Wilin gabansa na zubi ya tsage a wani rami, an kuma gaya masa cewa hanyar duwatsu sai sifok, domin shi yana lanƙwasawa ya dawo, zubi kuwa tsagewa yake. Ya sayo kayan wili biyu, na gaba da na baya, a kwali: cibiya, da'irar wili, da damin sifok masu ƙyalli. Yana da tafiya da abokansa a ƙarshen mako, kuma duk ƙungiyar tasu irin wannan canjin suke so.

"An ce nan akwai wani tsoho mai ɗauri da kunne," in ji Likita.

Kunne ya miƙe daga cikin tayoyi a hankali, ya kakkaɓe wando. "Tsohon ya fita, Yallaɓai. Ni ne saurayin da ya bari."

Da Likita ya tafi, Auta ya ja yayansa gefe. Ya ce in aikin nan ya yi kyau, abokan Likita suka biyo baya, benci ya zauna, injin ya nemi wani wuri. Sannan ya ɗauko doguwar sandar awo.

"Kafin mu cire wilin bayan, bari mu auna inda yake zaune. Waɗannan ba irin namu ba ne. Ga faifan birki a gefe, ga haƙoran sarƙa a gefe."

"Awo? Riga zan ɗinka masa?"

"Yaya, awon nan ba zai rage ka da komai ba."

"Tun kana tsotsar yatsa nake ɗaura wili, Auta. Je ka sayar da tukwanenka."

Auta ya jingine sandar a bango, ya tafi.

Ranar nan layi ya ji abin da ya daɗe bai ji ba. Kunne ya jawo bencinsa har bakin ƙofa ba tare da neman izinin kowa ba. Ya shafa wa bakin kowane sifok mai, ya zura su suna haye juna kamar saƙar kwando, ya bi su zagaye bayan zagaye. Mai walda ya kashe wutarsa ya zo kallo. Mai faci ya ce ashe tsoho da sauransa. Kunne bai ko ɗago ba. Wilin gaba ya fito sumul. Na baya kuwa, da ya ja sifana a kansa gaba ɗaya, sai ka rantse waƙa ce. Hagu da dama, murya ɗaya tak. Ya ce a ransa, da mahaifinsu yana raye da ya yi shiru, domin shirun nan shi ne yabonsa.

Washegari aka sa taya, aka ɗaura, Likita ya zo da abokansa biyu suna ɗaukar hoto. Ya hau, ya tayar, ya ja zuwa ƙarshen layi. Tun kafin ya juyo Kunne ya ji. Shi ya fara ji, kafin kowa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Wani shuu, shuu, kamar ana goge tukunya. Da babur ya tsaya, ga gefen sabuwar taya ya yi fari, sarƙa ta ci shi, ƙaurin roba ya cika wurin.

Auta ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora sandar awon nan. Wilin bai karkace ba ko kaɗan, yana juyawa tsaf. Zamansa ne ya goce wajen sarƙa da kamar kaurin yatsa. A irin wannan babur, sai an ja wilin baya gefe, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ɗauri, kafin taya ta zauna a tsakiyar babur. Wato daidai ɗinsa shi ne ya yi murya biyu. Kunne ya tsaya yana kallon sandar. Keke da ƙananan babura ya ɗaura duk rayuwarsa, ba wanda ya taɓa neman wannan a wurinsa.

"Aikin yini ne, Yallaɓai," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "In sassauta nan, in ɗaure nan."

Likita bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya cire safar hannu, ya shafa tayar da ta ci wuta.

"Baba, ni ma da hannu nake ci. In na cire wa mutum haƙorin da ba shi ba, ba ya sake buɗe mini baki, komai kyan cirewar. Gobe da safe za mu tashi. A mayar mini da na zubin a baya, a nemo na gaba sabo."

Abokan suka mayar da wayoyinsu aljihu. Auta ne ya ɗauko tukunya daga kan kanta, Kunne kuma ya riƙe masa babur yana ɗaurawa.

Injin ya iso kafin wata ya ƙare, ja, mai huci. Bencin ya tafi gida a bayan a-kori-kura, yanzu maiɗakinsa ke jera kwanuka a kai, ta ce karon farko ke nan da ya yi wa gidan amfani. Likita bai dawo ɗaukar wilolinsa ba. Auta ya rataye na bayan a bakin ƙofa, ya ce yana jawo ido.

Kunne yana nan ƙarƙashinsa a kan jarka, yana ba tayoyi iska. Masu jiran gyara sukan sa makulli su ja a kan sifok ɗin don rage zaman banza, su ce kai, wannan wa ya ɗaura shi?

"Wani kurma ne," in ji Kunne, ya miƙa hannu. "Kawo tayar."